HANYAR BAKIN RAFI WADDA KEKEN GURAGU ZAI IYA BI

Idan damina ta wuce, ruwa ya ja baya a rafin Ginzo, masu lambu sukan fito su gyara fangali a gaɓarsa. Kafin sanyi ya kankama sai ka ga wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi ya yi kore shar da latas da kabeji da alayyafo da albasa. A wata shekara mun kai 'yan aji uku wurin domin darasin labarin ƙasa, su ga noman rani da idonsu. A cikinsu akwai wani ɗalibi da shan inna ya taɓa tun yana ƙarami, yana tafiya da keken guragu mai taya uku. Muna barin kwalta tayarsa ta gaba ta nutse cikin rairayi. Abokansa huɗu suka ce za su ɗauke shi da keken gaba ɗaya, amma ya ƙi, ya ce a bar shi a gindin bedi ya jira mu. Ya zauna nan fiye da awa biyu. Da muka koma makaranta ya rubuta rahotonsa daga abin da 'yan'uwansa suka ba shi labari, ya kuwa ci maki mai kyau. To amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Tsakanin bakin kwalta da lambun tafiyar minti biyar ce kawai, ita ce ta raba shi da darasin.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu yi bayani a littafin shekara na bana a kan yadda ake yin hanyar ƙafa a bakin ruwa wadda mai keke, da tsoho, da mai dogara sanda za su iya bi ba tare da an ɗauke su ba.

SU WANE NE AKE MAGANA A KANSU?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. A cikinsu kimanin miliyan 80 suna buƙatar keken guragu. A nan Arewa da yawa daga cikin masu keken shan inna ne ya kama su. An ga ƙarshen ƙwayar shan inna ta daji a Nijeriya a jihar Borno a shekarar 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Wannan abin godiya ne. Sai dai yaran da cutar ta riga ta shanye wa ƙafa sun girma, suna makaranta, suna kasuwa, suna aure, kuma za su yi shekaru masu yawa suna bin hanyoyin garin nan.

Ban da su akwai wanda haɗarin babur ya karya wa baya, da wadda hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki, da wanda ciwon sukari ya sa aka yanke wa ƙafa, da kaka mai ciwon gwiwa, da mace mai tsohon ciki. Katsina ta daɗe da sanin irin waɗannan bayin Allah. Tun a shekarun 1930 asibitin kutare na Babbar Ruga, wanda mishan na SIM suka riƙe a lokacin, yake karɓar mutanen da kuturta ta ci wa yatsun hannu da na ƙafa. A al'adar ƙasar Hausa ma akwai Sarkin Guragu da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, waɗanda suke wakiltar jama'arsu a gaban masarauta. Saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce. Kuma duk wanda Allah ya ba tsawon rai, wata rana ƙafarsa za ta yi nauyi, hanyar da aka yi domin mai keke ita ce zai nema.

RAFUKAN BIRNINMU

Katsina ba ta da babban kogi irin na Kwara ko Binuwai. Abin da muke da shi rafuka ne irin Ginzo da Tille, waɗanda suke kwashe ruwan birni. Da damina sukan cika su yi gudu, musamman a watan Agusta. Da rani kuwa ruwan yakan ragu ƙwarai, abin da ya rage galibi ruwan kwata ne daga gidaje, wanda masu lambu suke ja su yi ban ruwa. Dole mu faɗi gaskiya, a wurare da dama bola da leda sun cika gaɓar, wari kuma yana korar mai yawon shan iska. Don haka gyaran hanya da tsabtace rafi aiki ɗaya ne. Idan mutum ya fita bayan gari akwai madatsar ruwa ta Ajiwa wadda take shayar da birni, da ta Jibiya, da ta Zobe kusa da Dutsin-Ma. Duk waɗannan wurare ne da makarantu suke kai ɗalibai ziyara.

Wani zai ce, me mai keke zai je yi a bakin rafi? Amsa ita ce, abin da kowa yake zuwa yi. Zai sayi kayan miya da araha daga hannun mai lambu, ko ya yi sarin su ya kai kasuwa. Zai gajarce hanya daga wata unguwa zuwa wata maimakon ya bi titi yana gogayya da motoci da 'yan acaɓa. Zai motsa jiki, domin likitoci suna gargaɗin cewa zama wuri ɗaya yana kawo gyambon kwanciya da ƙiba da ciwon zuciya. Zai kuma huta ya sha iska da yamma tare da abokansa.

ABIN DA YAKE TSAYAR DA KEKE

Mai ƙafa biyu ba ya lura da abubuwan da suke zama katanga ga mai keke. Na farko shi ne rairayi. Ƙasar Katsina jigawa ce, taya siririya kuwa tana nutsewa a ciki, mai keken ya yi ta murza hannu ba ya gaba ba ya baya. Na biyu shi ne matakala. Tudun da bai wuce faɗin tafin hannu ba ya isa ya tsayar da ƙaramar tayar gaba, ko ya kifar da mutum. Na uku lambatu marar murfi, wanda yaro zai tsallake da wasa amma mai keke sai ya yi zagaye mai nisa. Na huɗu karkacewar hanya. Idan hanya ta jirkice zuwa gefe ɗaya, keke yakan riƙa zamewa zuwa can, hannu ɗaya ya yi ta aikin hannu biyu, a bakin rafi kuwa gefen da ake zamewa shi ne gefen ruwa. Na biyar ƙaya. Tsidau yana huda taya, ƙarangiya kuma tana maƙalewa a taya ta soki hannun mai turawa, ko hannun wanda yake rarrafe. Na shida su ne mu kanmu: mai teburin da ya kafa a tsakiyar hanya, da mai ginin da ya jibge yashi da bulo, da mai motar da ya ajiye ta daidai bakin mashiga.

MA'AUNIN HANYA MAI KYAU

Masana gini sun daɗe da fitar da ma'auni, kuma duk ɗalibin da ya iya lissafin aji biyu zai gane shi.

Faɗi: Keken guragu na asibiti yana da faɗin kimanin santimita 65 zuwa 70. Mafi ƙarancin faɗin hanyar da zai bi shi ne santimita 90. Domin ya juya a wuri ɗaya yana buƙatar fili mai mita 1.5 kowane gefe. Domin keke biyu su wuce juna ana son mita 1.8. A nan sai mu tuna cewa keken da aka fi gani a garuruwanmu shi ne mai taya uku da ake murzawa da hannu, irin wanda ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa take ƙerawa a Kano, da kuma cibiyar Beautiful Gate a Jos. Wannan ya fi na asibiti tsawo, kuma ba ya juyawa a ƙunci. Don haka a ƙasarmu gara a sake hanya ta kai mita 2, a kuma buɗe kwanoninta.

Gangare: Inda za a hau tudu, a maimakon matakala sai a yi gangara. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ɗaya bisa goma sha biyu. Wato duk santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakala ɗaya mai santimita 15 tana buƙatar gangara mai santimita 180. Barandar aji mai matakala uku, wato santimita 45, tana buƙatar mita 5.4. Gaɓar rafi mai tsayin mita 2 tana buƙatar mita 24, kuma ba a yin ta a miƙe gaba ɗaya. Bayan kowace mita 9 ko ƙasa da haka sai a sa shimfiɗaɗɗen wuri mai mita 1.5 inda mutum zai tsaya ya yi numfashi. Da wuraren hutawa biyu a tsakani, tsawon ya zama mita 27. Ita kuwa doguwar hanyar da take bin rafi, kada hawanta ya wuce ɗaya bisa ashirin. Sau da yawa muna ganin gangara a ƙofar ofis ko shago wadda aka yi da tsini kamar ta hawa da babur. Irin wannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin tana iya wuntsilar da mutum ta baya.

Karkata: Dole a ɗan karkata hanya domin ruwan sama ya zurare, amma kada ya wuce ɗaya bisa hamsin. A hanya mai faɗin mita 2, wannan santimita 4 ne kawai tsakanin gefe da gefe.

Daɓe: Ana son ƙasa mai tauri, mai laushin bi, wadda ba ta santsi. Kankare da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye yana da kyau, domin zanen tsintsiyar yana riƙe taya. Jan burji da aka daddaɓe sosai ya fi araha, amma sai ana gyara shi bayan kowace damina. Tsakuwa sakakkiya ba ta da amfani, haka kuma tayil mai sheƙi. Idan bulon daɓe za a jera, sai an daddaɓe ƙarƙashinsa, in ba haka ba ruwa ya zaizaye rairayin ya bar shi hawa da sauka. Murfin lambatu na ƙarfe kuma, kada ramukansa su wuce milimita 13, domin kada ƙaramar taya ko bakin sanda ya faɗa.

Kariya: A gefen ruwa a ɗaga ɗan dakali mai tsayin santimita 10 wanda zai tare taya. Makaho ma zai riƙa taɓa shi da sandarsa ya san iyakar hanya. Inda gaɓa take da zurfi, ko a kan kwalbati da gada, a sa ƙarfen riƙewa mai tsayin kimanin santimita 90.

INUWA DA WURIN HUTAWA

Wanda ya san zafin Katsina a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake kai digiri 40, ya san hanya marar inuwa ba za ta biyu ba. Mai keke yana kusa da ƙasa, tururin kankare yana bugunsa, ƙarfen keken kuma yana ƙona hannu. Saboda haka a dasa itatuwa, amma da lura. Bedi yana da inuwa kuma yana jure fari, sai dai saiwarsa tana ɗaga daɓe, 'ya'yansa kuma suna santsi idan sun zuba. A ja shi baya kaɗan daga bakin hanya, a riƙa sassabe rassan da suka sauko domin kada su bugi fuskar makaho. A sa benci a kai a kai, mai majingina da abin dafawa, domin tsoho ba ya iya tashi daga dakalin da ba shi da abin kamawa. A gefen kowane benci a bar fili inda keke zai tsaya, mai shi ya zauna kafaɗa da kafaɗa da abokin hirarsa. Kada a manta da makewayi mai faɗin ƙofa santimita 90 da ƙarfen riƙewa a bango. Naƙasassu da yawa sukan ƙi shan ruwa tun safe idan za su fita, don sun san babu inda za su zaga, wannan kuwa yana cutar da ƙoda.

RUWAN DAMINA

Rafin da ya bushe da rani ba abin raini ba ne. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta auka wa garin Jibiya cikin dare bayan ruwan sama mai ƙarfi, mutane fiye da 40 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. A irin wannan hali wanda ba ya iya gudu shi ne ya fi shiga haɗari. Don haka hanyar bakin rafi a kan tudun gaɓa ake yin ta, sama da inda ruwa yake kaiwa. Masu lambu da dattawan unguwa sun san iyakar ruwa a shekarun da ya yi yawa, su ya kamata a fara tambaya. Har ila yau a yi mafita da yawa zuwa titi, kowace da gangara, domin idan hadari ya taso mai keke ya fita ta kusa. Bayan damina kuma a kwashe laka da rairayin da ruwa ya bari.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

A garin Kalamazu na Amurka, a shekarar 1945, aka sassare bakin dakalin titi domin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunuka su iya hawa da kekensu. Daga baya aka ga masu tura jarirai da masu kaya da tsofaffi su ma suna morewa. A nan ma haka za ta kasance ga mai baro da mai kurar ruwa. A 1990 Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin naƙasassu, kuma yawancin ma'aunan da na kawo a sama suna cikin ƙa'idojin gini da suka biyo bayanta. A Japan wani mutum mai suna Seiichi Miyake ya ƙirƙiro daɓe mai ƙuraje wanda makaho yake ji da ƙafa ko da sanda, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967.

Akwai kuma darasin kuskure. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, tsakanin 2003 da 2005, an rushe wata babbar gadar sama aka tone rafin da aka binne a ƙarƙashinta, aka yi masa hanyar ƙafa mai ban sha'awa. Amma da aikin ya zo ƙarshe naƙasassu suka yi kuka cewa ba a yi shawara da su ba, matakala ta yi yawa, hanyar sauka da keke ta yi kaɗan. Dole aka koma ana ƙare-ƙaren gyara. Hausawa sun riga sun faɗa, tun ran gini tun ran zane. Gangarar da aka sa a cikin zane tun farko kuɗinta kaɗan ne, wadda za a fasa kankare a yi daga baya ita ce mai tsada.

ME DOKA TA CE?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a watan Disamba 2006, Nijeriya ta rattaba hannu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce gine-ginen jama'a da hanyoyin ƙafa na gefen titi da wuraren tsallakawa dole su zama waɗanda mai keke da makaho za su iya amfani da su. Ta ba da shekara biyar a gyara tsofaffin gine-gine, wa'adin kuwa ya cika a Janairu 2024. Ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu, ga mutumin da ya nuna bambanci, da naira 1,000,000 ga kamfani. A 2020 aka kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa domin ta bi bayan wannan doka. Saboda haka mai keke da ya nemi gangara ba bara yake yi ba, haƙƙinsa yake nema.

Mu kuma tuna irin abin da waɗannan 'yan'uwa namu suke yi idan sun sami fili. Wasan ƙwallon guragu da ake bugawa a kan katako mai taya, wani Bakano ne, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro shi a 1988. A gasar naƙasassu ta duniya da aka yi a Riyo ta ƙasar Brazil a 2016, 'yan Nijeriya sun dawo da lambar zinariya 8.

AIKIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa ɗalibai, ba mu da kuɗin gina hanya a bakin Ginzo, wannan aikin hukuma ne. Amma akwai abin da za mu iya. A zango mai zuwa kowane aji ya ɗauki tef ko igiya da rula, ya auna hanyar da ta taso daga ƙofar makaranta zuwa aji, zuwa ɗakin karatu, ɗakin cin abinci, majami'a da makewayi. A rubuta tsayin kowace matakala, a ninka shi sau goma sha biyu, a ga ko akwai filin gangara. A ƙirga lambatun da ba su da murfi. 'Yan ƙungiyar labarin ƙasa su yi irin wannan awo a gaɓar rafi, su zana taswira, mu miƙa ta ga mai unguwa da ƙaramar hukuma da wasiƙa cikin ladabi. Ranar 3 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa naƙasassu tun 1992, ta dace da wannan.

A duk abin da za mu yi, masu keke su ne za su shige gaba, domin su ne suka san inda taya take tsayawa. Kuma idan ka ga mai keke ya maƙale, ka gaishe shi, ka tambaye shi ko yana son taimako da yadda za a yi shi. Kada ka kama kekensa ka tura ba da izninsa ba, domin keken nan ƙafarsa ce.

Iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai, a cikinku akwai magina da injiniyoyi da kafintoci da masu walda. Buhun siminti kaɗan da yashi da aikin gayya na Asabar ɗaya sun isa su gyara ƙofar aji ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fatarmu ita ce, ranar da za a sake kai 'yan aji uku kallon lambu, a tafi da kowa har bakin fangali, kada a bar ko ɗaya a gindin bedi. Allah ya taimake mu.